Yadda Aka Dama Ƙwayar Lokotoro a Kunu

Jikata da ta yi karatun likita a ƙasar Sin ta zo hutu, ta zauna tana ba ni labarin asibitinsu. Wai idan sabon magani ya fito sai a raba marasa lafiya gida biyu, waɗannan a ba su sabon, waɗancan a bar su da tsohon, a zuba ido a ga waɗanda za su riga miƙewa. Tana faɗa tana gyara tabarau, ita a dole ta kawo mini abin da kunnena bai taɓa ji ba. Na ce mata, “Ke tafi can. An yi wannan a jikin kakanki tun uwarki tana goye a bayana.”

A zamanin Nasara ne, bayan babban yaƙin nan da aka kwashi samarinmu. Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Bande da Magariya. Mijina masaƙi ne. Yana taɓa noma da damina, amma gonar ba ta taka kara ta karya ba, saƙar ce ke riƙe da gidan. Sai wani tabo ja-ja ya fito masa a kafaɗa, wanda ko an tsikare shi da ƙaya ba ya ji. Kowa ya san sunan abin, ba mai son faɗa. Kuturta ce, sai dai ba ta sauko hannu ba tukuna. Kullum da safe in na miƙa masa buta, yatsunsa nake kallo. Na san ranar da suka tafi, saƙa ta tafi, mu da yara da tsohuwar uwarsa mun shiga uku.

Wansa ma yana da cutar, ya ma riga shi kamuwa. Mutum ne mai daɗin baki, irin masu sallama a gidan mutane daidai lokacin da ake sauke tukunya. Ban taɓa ƙaunarsa ba, kuma ban ɓoye ba.

Tun da abin ya bayyana, maza suka daina sa hannu a akushi ɗaya da su. Ba wanda ya kore su da baki. In sun zauna ne sai kowa ya tuna ashe ya ƙoshi. Saboda haka masu cutar na garinmu da na ƙauyukan kewaye suka koma haɗuwa a gindin wata tsamiya a bayan gari, kowa ya kawo abin da aka dafa masa, a juye wuri ɗaya a ci. A nan ba mai ƙyamar wani, kuma ba mai kai loma baki shi kaɗai.

Ana nan sai ga lokotoro, wato likitan Nasara, a cikin kamyo, babbar motar nan ta ɗaukar kaya, ya jiƙe sharkaf da gumi. Tare da shi akwai majo, babban ma’aikacin jinya, ɗan ƙasarmu ne, shi ne kuma tafinta. Mai gari ya sa aka tara masu cutar. Lokotoro ya sa safar hannu, ya sa aka tuɓe wa dattawa riguna a gaban ƴaƴansu, yana shafa musu auduga a baya yana tambaya ko sun ji. Bai dubi fuskar kowa ba. Tabo kawai yake gani, kamar mai sayen fata a kasuwa. Da ya gama sai ya jera su, yana nuna wannan dama, wancan hagu. Majo ya yi bayani: na dama za su sha wata sabuwar ƙwaya fara, na hagu za a ci gaba da yi musu allurar man nan mai kauri da aka saba, wadda ke kumbura wuri ta hana mutum zama. In shekara ta zagayo lokotoro zai dawo ya ga wanne ya fi. In ƙwayar ta fi, za a kawo wa kowa.

Mijina ya faɗa dama, wansa ya faɗa hagu. Allah ya gani, na yi murna.

Umurnin lokotoro shi ne kowa ya haɗiye ƙwayarsa a gaban majo. Haka aka yi a farko, har na fara ganin tabon kafaɗar yana dusashewa. Amma majo mutum ne da ke jin kansa rabin Nasara. Yana zuwa ranar kasuwa bisa keke, ya toshe hanci da hankici, ya yi allurar nan cikin sauri kamar ana binsa, sa’an nan ya zazzage ƙwayoyin a faifai daga nesa ya ce kowa ya ɗauki tasa. Kafin a ɗauka ya kai zauren mai gari, inda aka yanka masa kaza. Aikinsa ke nan da ake sara masa a kai.

Wan mijina ne ya fara. Ya dubi ƙanensa da ƙwaya a tafin hannu, ya ce, “Yanzu kai sai ka haɗiye wannan ina kallonka? Nono ɗaya fa muka sha.” Mijina ya sa farce ya raba ta biyu. Da sauran na hagu suka gani, kowa ya juya ya dubi nasa ɗan’uwan. Wata tsohuwa da ake jin maganarta a gindin tsamiyar ta yanke hukunci, ta ce a daina gutsure-gutsure, a tara duka a daka a turmi, a dama a kunu, ludayi ya zagaya. Haka aka koma yi. Kuma da labari ya bazu cewa ƙwayar Nasara ce, sai ga masu roƙo. Wannan matarsa na ciwon baya, wancan jakinsa ya ƙi cin abinci. Mai gari da kansa ya aiko a ɗiba masa, wai ya ji tana ƙara wa namiji ƙarfi, tsoho da shi ba kunya. Abin da ke isa cikin ƙwaryar bai fi a ce an gilma da magani ta kusa da kunun ba.

Na ce wa mijina, “Malam, taka ce aka ba ka. Hannunka muke ci. Ka haɗiye abarka tun a bakin faifai mana.”

Ya ce, “Ke ba ki san zafin a janye maka akushi ba. Mutanen nan su kaɗai suka rage masu cin abinci da ni. In ɓoye musu abu a baki?”

Na ce, “To su za su riƙe maka ƙoshiya in yatsun sun tafi?”

Ya yi banza da ni, ya ci gaba da jefa ƙoshiyarsa tsakanin zare. Mutumin kirki ne, amma kirkinsa ya sha ba ni haushi, kuma har yau yana ba ni.

Da na ga ba ci gaba, na tare majo a hanya na durƙusa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙwayar nan kunu ake damawa da ita, na dama da na hagu duk suna sha.” Ya sauko daga keke, ya waiga ko akwai mai ji. Ya ce, “Ke, kin san da wa kike magana? In wannan zance ya fita, mijinki zan fara cirewa. Tashi ki ba ni wuri.” Ko makon da ya biyo baya bai tsaya ya ga sun haɗiye ba. Kazarsa ta fi masa.

Shekara ta zagayo, lokotoro ya dawo da audugarsa. Aka sake tuɓe dattawa. Na dama sun ɗan ji sauƙi, na hagu ma sun ɗan ji sauƙi, ba wanda ya warke. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Duk iliminsa bai raya masa ya tambayi mutum ɗaya yadda ake shan maganin ba, ga turmin kuwa a jingine da tsamiyar, a gaban idonsa. Na kutsa cikin mutane na zube a gabansa, na zayyana masa komai tun daga faifai har ludayi. Ya juya ga majo. Majo ya faɗi wata ƴar gajeriyar magana da Faransanci. Lokotoro ya yi mini murmushi, ya ɗaga mini hannu. Daga baya wani tsohon soja da ke wurin ya gaya mini abin da majo ya ce: wai matar tana godiya.

Hukuncin da aka karanta mana shi ne ƙwayar ba ta fi man ba, don haka ba za a ƙara kawo ta ƙasarmu ba sai an sake nazari. Suka hau kamyo suka tafi. Da me suka sake nazarin, oho.

Wan mijina bai ɓata lokaci ba. Ya ji ana raba irin ƙwayar a tsallaken iyaka, wajen dangin matarsa, sai ya tattara ya tafi, ya bar mana tsohuwar uwarsu a kwance. Mijina ya ce ba zai tsallake uwarsa ya tafi neman magani ba. Muka zauna jinya, ana yi masa allurar mai in majo ya ga dama. Ƙaramin yatsa ya fara lanƙwashewa, na kusa da shi ya bi. Wata rana na tarar ya dafa murfin tukunya mai zafi yana hira, sai ƙaurin fata ne ya gaya mana. Bayan tsohuwa ta rasu muka tsallaka mu ma, aka ba shi ƙwayar, cutar ta tsaya. Amma abin da ta riga ta ci ba ta amayar ba. Muka dawo gida na sayar da kayan saƙar, na kama sana’ar ƙuli-ƙuli.

Ana haka sai ga wan ya zo gaisuwa, ya yi ƙiba, yatsunsa ras, har da zobe. A can shi kaɗai ya riƙa haɗiye ƙwayarsa, ba wanda ya gutsura wa. Mijina ya yi ta murna, ya sa na tuƙa tuwo na kawo musu a akushi ɗaya. Ya matso da akushin tsakaninsu da dungulmin hannunsa, ya ce, “Bismilla, Yaya.”

Yayan ya dubi hannun, ya dubi tuwon. Sai ya juyo gare ni ya ce, “Amarya, ko da wani ɗan kwano ki ɗibar mini nawa daban?”

Mijina bai ɗago kai ba. Ya ce mini a hankali, “Ɗauko masa.”