Bakina da ya yi yawo a wayoyin yara

Salamu alaikum. Masu tambaya ko Malam Idi ya mutu, ban mutu ba. Shiru na yi tun kaka.

Ina alwala ranar kasuwa buta ta suɓuce mini. Na ce a miƙo, sai na ji harshena kamar na aro.

A likitar Dakoro, asibitinmu, aka gwada tansiyo, wato hawan jini. Majo, babban malamin asibitin, ya kalli abin awon, ya kalle ni, ya ce: "Baba, Maraɗi, yanzu."

Shanyewar ɓarin jiki ce. Sirom na ƙarin ruwa, allurai, hoton kai, takardar magani kullum sabuwa. Ragon da nake kiwo ya tafi a nan. Tsoro kuwa na ji shi, ba na ɓoyewa.

Jikata Hadiza, da ke shirin jarrabawar burbe a kolej, ita ta bar lakwal da karatun ta zauna da ni. Tana ba ni kunu yana zuba ta gefe, tana cewa: "Ango, in ba ka gyara bakin nan ba na fasa auren." Wasanmu ke nan tun tana rarrafe.

Sai mushensu, malamin ajinsu, ya zo dubiya. Ɗan aminina ne, ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Ya ce: "Baba, bari in ɗauke ka hoto, a sa ka a addu'a." Na ɗaga kai, baki a karkace, yawu na bin gemu.

Ashe a gurup ɗin ajinsu na waya ya saka, da cikakken sunan yarinyar da dalilin fashinta.

Yara suka yanke fuskata suka mai da ita sitika. Duk abin da Hadiza ta rubuta, bakina ake aiko mata. Ranar da ta koma aji, layin baya duka suka karkace baki.

Ta daina zuwa. Ba ta gaya mini ba, uwarta ce ta faɗa.

Da na fara takawa, na dogara sanda har kolej. Mushe ya ce: "Haba Baba, lada na nema maka. Yara ne." Ko haƙuri bai ba ni ba. Darakta ya sa aka goge hoton daga gurup. Wayoyin yaran a gidajensu kuma wa zai bi?

Hadiza ta koma, ta zauna burbe. Sauƙi ya samu, alhamdu lillahi. Na gode wa ma'aikatan likita da duk wanda ya tako.

Ku riƙa gwada tansiyo. Baki ya karkace, a tafi likita, kada a tsaya shafe-shafe. Ku duba abin da 'ya'yanku ke turawa. Malamai, abin da iyaye suka gaya muku amana ce. Mai zuwa dubiya ya bar waya a aljihu, addu'a ba ta buƙatar hoto.

Bakin ya kusa komawa daidai. Jiya na ce mata: "Amarya, duba, na gyara."

Ta ce: "Sannu, Kaka." Ta ajiye kunun ta fita.