Tsohon da Muka Turo a Kan Keke

Shekarun baya, lokacin da likita ya ce mini sukarina ya hau kuma tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki, na sayi keken gwanjo mai giya. Siriri ne, mara nauyi, ba shi da kariya a baya, na kuma haɗa da hular kwano. Ranar da na fito da shi a unguwarmu a Mafara, mahaifiyata ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce wai da girmana na koma wasan yara.

Abokina malamin firamare ne, shi keke ba motsa jiki ba ne a wurinsa, da shi yake zuwa aiki kullum. Nasa tsohon baƙin keke ne mai faffaɗar kariya, irin wanda ake ɗora wa buhun gero. Shi ya nuna mini hanyoyin burji da ke bin bakin kanal na ruwan Bakolori. Kowace Asabar bayan sallar asuba mukan fita, wani makon mu yi wajen Bakura ta cikin gonakin shinkafa, wani makon mu nausa wajen Maradun har mu hango ruwan dam ɗin shimfiɗe, masunta suna ta jan koma. Tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya, ni ina haki da kekena mai giya, shi yana gaba yana ba ni labari kamar yana zaune a kan tabarma.

A lokacin an riga an fara jin labarin ɓarayin daji, amma muna ganin abin na can nesa ne. Mahaifiyata ta sha cewa in daina yin nisa. Nakan ce mata da rana tsaka muke dawowa.

Wata Asabar muka ɗauki hanyar Maradun. Mun yi tafiyar kusan awa guda sai muka fara cin karo da mutane suna tahowa a ƙasa, mata da goyo, wasu da awaki, wata tsohuwa da tukunya a ka ba komai a ciki. Abokina ya tare wani magidanci ya tambaye shi lafiya. Bai ko tsaya ba ya ce, "Sun shigo mana tun da asuba. Ku koma."

Ni kam tuni na juya kan kekena. Ba zan yi muku ƙarya ba, gudu kawai nake shirin yi. Sai abokina ya ce in duba can. A gindin wata bishiyar bedi a bakin kanal, wani tsoho na zaune ya jingina da itacen, wata dattijuwa na durƙushe kusa da shi ta danne masa cinya da ɗankwalinta. Wandonsa ya jiƙe da jini har ƙasa.

Muka yi sallama. Abin da har yau yake ba ni mamaki, tsohon nan sai da ya amsa gaisuwa cikakkiya. Ya tambaye mu gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi iyali. Matar ce ta katse shi. Ta ce mijinta ne, harsashi ya same shi yana kwance shanun huɗa, wani maƙwabci ya goyo shi har nan, sannan ya koma neman nasa iyalin.

"Ɗiyana, ku taimaka mini da shi zuwa kwalta," ta ce. "Duk baburan da sunka wuce cike suke."

Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Abokina ya tuɓe rigarsa ta sama ya yage ta, ya ɗaure cinyar tam daga saman raunin. Muka ɗaga tsohon muka zaunar da shi a kan kariyar baƙin keken, muka kwantar da ƙirjinsa a kan sirdi, matar ta kwance mayafinta muka ɗaure shi da shi. Abokina ya kama kan keken yana turawa, ni aikina in riƙe tsohon ta baya kada ya zame.

Nan ne na yi abin da nake jin kunyarsa. Na yi ƙoƙarin riƙe tsohon da hannu ɗaya, ina jan kekena da ɗayan. Ba mu yi taku ashirin ba ya karkace, saura kaɗan ya faɗi. Abokina bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Ka yar da abin nan, don Allah!" Na kwantar da keken cikin ciyawa, har da ɗan rufa masa ganye wai kada a gani. Ban sake ganinsa ba, ban kuma koma nema ba.

Ban taɓa sanin hanyar nan tana da duwatsu haka ba sai ranar. Duk tsakuwar da tayar baya ta taka sai na ji jikin tsohon ya ƙanƙame a hannuna. Bai yi kuka ba, sai dai ya ja numfashi ta haƙora. Matar tana tafe a gefe, ba takalmi, tana riƙe da hannunsa na dama. Rana ta fara zafi. Jini na ɗiga a kan sarƙar keken, yana bin taya.

Da farko yana magana. Ya tambayi abokina ɗan wane gida ne a Mafara, da aka faɗa masa ya ce ya san kakansa, sun taɓa haɗuwa a kasuwar shanu. Ya ce mu yi haƙuri ya ɓata mana tafiya. Ya tambayi matarsa ko ta ga inda shanun suka yi, ta ce masa ya bar zancen shanu. Can ya ce yana jin sanyi, alhali ni gumi har cikin idona. Muka tsaya a wata ƙaramar gada, na ɗebo ruwan kanal a hular kwanona muka shafa masa a fuska. Amfanin da hular ta taɓa yi ke nan.

Bayan gadar na ji yana motsa baki a hankali, matar tana tayawa. Sannan ya yi shiru. Na ɗauka ya galabaita ne. Na ji dai ya ƙara nauyi, kansa na lilo a gefen sirdi, sai na sa kafaɗata na tallafe shi. Ina ta ce masa, "Baba, saura kaɗan. Baba, ga eriyar garin can ana hangowa. Baba, ka daure." Matar ba ta ce komai ba. Hannunsa dai na cikin nata, tana tafiya tana kallon gabanta.

Mun fi awa guda a haka kafin mu hau kwalta. Wani mai a-kori-kura da ya ɗauko albasa ya tsaya da ya ga jini. Muka kwance mayafin za mu sauke tsohon, sai abokina ya tsaya cak. Ya sa yatsu a wuyansa, ya daɗe, sannan ya dube ni ya yi salati.

Ni ne na juya wurin matar, ina neman yadda zan faɗa mata. Ta riga ni.

"Na sani," ta ce. "Tun bayan gadar nan ya cika. Hannunshi ya saki nawa."

Abokina ya ce, "Inna, mi ya hana ki gaya muna?"

Ta ce, "Na ji tsoro in kunka sani ku aje shi a daji ku tafi. Mai rai ake gudu da shi. Ni kuwa ba ni iya ɗaukar shi, kuma ba ni barin shi ga karnuka." Sannan ta durƙusa a gefen titi ta ce mu yafe mata wahalar da ta ba mu.

Direban ya sauke buhu uku ya yi masa wuri. Bayan la'asar aka yi masa sutura a Mafara, mutanen unguwarmu suka sallace shi ba tare da ko ɗaya ya san shi ba. Dattijuwar ta kwana uku a ɗakin mahaifiyata kafin ƙanenta ya zo daga Bakura ya tafi da ita. Mahaifiyata ba ta ce mini ai ta faɗa ba. Ta dai karɓi rigata ta wanke da kanta, ta hana matata taɓawa.

An daɗe da yin wannan. Abokina an yi masa canjin makaranta, mukan gaisa ta waya, ba mu cika tada zancen ba. Mutanen da suka ji labarin sukan sa mana albarka, ni kuwa nakan ji nauyi, don na san wanda ya fara juya kan kekensa.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne tsoron matar nan. Sau da yawa nakan tambayi kaina, da ta faɗa mana a gadar, rana na dukanmu, ba mu san ko ɓarayin na biye da mu ba, me zan ce wa abokina? Ina so in ce da mun ci gaba da turawa. Abokina kam na tabbata da ya ci gaba. Ni ban sani ba. Ta dube ni sau ɗaya a gindin bedin nan, da tsohon ya cika kuma ta yanke shawarar yin shiru, kuma har yau ban iya cewa ta yi kuskure ba.

Allah Ya jiƙan tsohon nan, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.