Anne Mydin da Ƙahonin Waƙoƙin Iyayenmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga Afrilu, 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Anne Kader Mydin (Anne a harshenmu na Tamil shi ne yaya namiji), mai ƙaramar maɗaba'ar nan ta Penang, a ƙasar Malesiya, inda na yi rabin rayuwata ina buga rubutu. 'Yarsa Sabura ce ta kira ni. Na ajiye wayar na zauna. Ko kuka ban iya ba, wata irin gajiya ce ta sauko mini.

Anne, yayana, ka fi kowa sanin abin da ya cinye ƙarshen rayuwarka: waƙoƙin iyayenmu mata masu niƙan yaji a dutse. Kai ka bi gida-gida ka ɗauko su daga bakin tsofaffi, ni na buga su a tsohuwar kwamfutarmu. Wasalin Tamil ɗin nan da muke kira ƙaho, hannu yana rubuta shi kafin baƙi, baki kuwa yana furta shi bayan baƙi. Mu da muka tashi da keken rubutu hannu muka bi, ƙaho tukuna sannan baƙi. Sabon tsarin da duniya ta koma kansa ya bi baki: a ajiye baƙi, a ajiye ƙaho a bayansa, na'ura ce za ta dawo da shi gaba a kan allo.

Ranar da ka ɗora waƙoƙin a intanet, ƙahonin suka watse. Wani ya maƙale a harafin maƙwabci, wani ya tsaya shi kaɗai jikin da'irar ɗigo-ɗigo. Duk wanda ya nemi sunan kakarsa, sai na'ura ta ce babu. Ka daɗe kana kallon allon, sannan ka ce, "Zainambu, matan nan an binne su sau ɗaya. Ba da hannunmu za a yi na biyu ba."

Na ce ai akwai manhajar da ke juya tsohon rubutu zuwa sabon tsari. Ka ce, "Ita ta san haruffa kala-kala muka cakuɗa a shafi ɗaya?" Shi ke nan muka shiga bi layi-layi muna gyarawa da hannu.

Idonka ya yi rauni, ciwon suga ya ci ƙafarka, amma kullum kana kan kujerar nan, shayinka ya huce ba ka sani ba. Yatsuna kuwa sun ƙi tuba. In na sake sa ƙaho a gaba sai ka ƙwanƙwasa tebur: "Ke saniya ce, da kike shigowa da ƙaho?" In ce, "Tsohon da ba ya gani ne zai koya mini?" Ka yi dariya har da tari, ka sauka da sandarka ka hawo mana da nasi kandar, shinkafa da miyar nan ta garinmu. Lokacin jinyar mijina ma, kai ka riƙa kai shi asibiti a bayan babur ɗinka, ba ka taɓa bari na yi godiya ba.

Wallahi na gaji da aikin nan tun kana raye, kuma na faɗa maka. Jikokinmu Malay da Turanci suke yi, wa zai karanta? Yanzu ga sauran waƙoƙi jibge, ga tsohuwar kwamfuta sai an lallaɓa ta take tashi.

Shekaranjiya na je rufe shagon, sai waya ta yi ƙara. Wata mata ce daga jihar Johor, Tamil ɗinta duk a karye. Ta ce ta rubuta sunan kakarta, Meharun Bivi, a intanet, waƙar ta fito. Ta rera mini baiti ɗaya tana shessheƙa. Sai ta ce ta nemi ta ƙanwar kakar ba ta samu ba. "Don Allah, Akka, yayata, ki roƙar mini tsohon ya daure ya ƙarasa."

Ban faɗa mata ka rasu ba. Na ce ta sake dubawa bayan babbar sallah. Ka ga abin da ka ja mini, Anne.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Sabura, da ƙannenta, da dukan jama'ar unguwarmu, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ni kuma Allah Ya ara mini ido da yatsu har in kai layin ƙarshe. Amin.