Baƙon da Ke Kallon Ƙafa

Gidan kallon Jinjiri da ke bakin kasuwar Safana fagena ne. Shekara tara ni ke yi wa mutane sharhin ƙwallon ƙafa a nan, in na yi magana ba mai musu. Yau da la'asar, kafin a fara wasa, Jinjiri ya bar talabijin a tashar tanis, ga kuma wani baƙo a kan bencina.

Dattijo ne siriri, hularsa ta koɗe, takalminsa duk jar ƙasar hanyar Runka. Damtsensa na dama ya fi na hagu kauri. Ina jin ya yi shekaru yana buga wa manya ƙwallon tanis a wani kulob a Kaduna, kafin gona ta kira shi gida.

Ba ya bin ƙwallon da ido kamar mu. Ƙafafun 'yan wasan yake kallo.

"Dogon nan so yake a gama da bugu biyu, shi ya sa yake rugowa raga," in ji shi a hankali. "Gajeren kuwa makiyayi ne, kora shi yake dama da hagu har ya gaji. Ga shi ya tura shi baya. Yanzu zai sakar masa ita a gindin raga."

Haka kuwa aka yi.

Na gyara murya na ce ai sa'a ce. Ba wanda ya waiwayo sai Jinjiri.

"Malam Salmanu, ɗan matsa, ka tare wa Baba talabijin."

Na matsa. Abin haushin, ni ma yanzu ƙafar nake kallo.