Ado da Surukinsa a Dutsen Bear Mountain

A shekarar 1972 ne jami'in da Ado yake yi wa tuƙi a wani ofishin ƙasa da ƙasa a birnin New York ya gama wa'adinsa ya koma Legas, shi kuwa Ado ya zauna. Ya sayi wata tsohuwar mota doguwa mai layin kujeru uku, ya kama sana'ar da, a iya sanina, babu Bahaushen da ya riga shi yin ta a garin. Idan baƙi sun zo taro daga gida, suka gaji da ɗaga kai suna kallon benaye, sai ya ɗauke su ranar Asabar ya fitar da su bayan gari, su ga duwatsu da namun daji, ya komo da su kafin magariba.

Ado haihuwar Fagge ne. Ya fara da yaron mota, ya zama direban babbar mota tsakanin Kano da Bauchi, a kan wannan hanya kuma ya auro matarsa Sauda, 'yar wani ƙauye a ƙasar Ningi. Duk sanin da ya yi wa daji ta gilashin mota ya yi shi. Wannan bai hana shi sana'arsa ba. Yakan haye gadar George Washington, ya bi gefen kogin Hudson ya yi arewa har kan dutsen Bear Mountain, ya tsayar da mota, ya miƙa hannu yana nuni. Duk dabba mai dogayen ƙafafu barewa ce a wurinsa, duk ƙarama kuwa kurege. Baƙinsa ma'aikatan ofis ne, ba mai ja da shi. Su ɗauki hoto, su ci shinkafa da kazar da Sauda ta dafa, su yi azahar a kan ciyawa, a kamo hanya.

Ni a lokacin ina karatun koyarwa, ina haya a bene ɗaya da su a University Heights, shi ya sa abin da zan ba da labarinsa ya faru a gabana.

A ƙarshen daminar wata shekara, mahaifin Sauda, Baba Haruna, ya iso. Tsohon maharbi ne, yanar ido ta rufe masa idanu biyu har ba ya rarrabe komai sai haske da duhu. Sauda tana aikin kula da majinyata a wani asibiti, ta roƙi wani likitan ido ya duba shi, likitan ya ce aiki zai iya buɗe idon, amma in aka daɗa jinkiri ba ya ba da tabbaci. Aka sa rana. Ana saura 'yan kwanaki, Baba ya sa aka ɗaure masa akwatinsa aka ajiye a bakin ƙofa, ya ce gida zai tafi. Hujjarsa ita ce, tun da ya sauka bai taka ƙasa ba sai siminti, bai ji ƙamshin ganye ba, kuma magani daga saiwa da sassaƙe yake fitowa. Mutanen da ba su da daji, in ji shi, ba su da magani, ba zai miƙa musu idonsa su sa wuƙa ba.

Sauda ta yi lallashi, ta yi kuka, bai motsa ba. Sai ta juya kan mijinta.

"Baban Rabi, kai da kake kai baƙin banza daji duk Asabar, ga baƙonka na gida. Ka kai shi ya taɓa itace da hannunsa. In ya hau jirgin nan a haka, ya makance ke nan har kabari."

Ado ya yarda, amma jikinsa a sanyaye. Tun da tsohon ya zo bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa yi masa magana a tsaye ba, balle ya musa masa. Ya roƙe ni in bi su, wai don in yi tafinta, ko da yake na fahimci abokin tsayawa yake nema.

Muka fita da hantsi ranar Asabar, Baba a kujerar baya da sandarsa. Da muka bar gari ya sa aka sauke gilashi, ya kai hancinsa bakin taga. Can wani wari mai hawa kai ya cika motar, Ado ya fara ba da haƙuri, yana cewa wataƙila tayar wani ce ta ƙone.

"Taya? Kai, bodari ne wannan. Ashe la'anannen ya riga ni zuwa ƙasar nan."

Ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun zuwansa. Ado ya dube ni ta madubi, fuskarsa ta saki, yana ganin aiki ya kusa ƙarewa.

Da muka isa gindin dutsen, Ado ya buɗe masa ƙofa ya durƙusa, ya ce an iso. Baba ya ƙi sauko da ƙafarsa.

"Wa ke da dajin?"

"Na gwamnati ne, Baba."

"Gwamnati ba ta kwana a daji. Wa ke riƙe da shi? Maharbi ba ya shiga dajin wani bai gai da mai shi ba. Kai da kake kawo mutane nan, ba ka taɓa gaishe shi ba?"

Ado ya sunkuyar da kai, ya ce bai taɓa ba. Baba ya yi salati, ya ce Allah ne kaɗai ya tsare mutanen da ya yi ta kawowa. Muka rasa yadda za mu yi, sai Ado ya hango wani jami'in gandun daji, Bature dogo mai faffaɗar hula, tsaye kusa da wata 'yar rumfar katako. Ya raɗa mini cewa ga renja can, ko shi za mu ce. Ni ban ga wani da ya fi shi cancanta ba.

Muka kama hannun Baba muka kai shi. Ya durƙusa a gaban mutumin, ya kwance wani ɗanyen tsumma daga aljihunsa, ya fito da goro fari guda, cikin ragowar wanda ya zo da shi daga gida, ya miƙa da hannu biyu. Baturen ya karɓa, ya jujjuya shi, ya tambaye ni ko a dajin muka tsinto, domin an hana tsinkar 'ya'yan itace. Na yi masa bayani gwargwadon iyawata. Ya cire hularsa, ya yi godiya, ya sa goron a aljihun gaba.

Baba ya ce in tambayi sarkin daji wace rana ce ba a farauta a nan. Amsa ta zo cewa a wannan yanki ba a farauta kowace rana. Ya ce to, wace bishiya ce ba a sara, ba a haƙar saiwarta. Baturen ya ce dukkansu, ko reshe ba a karya. Na fassara kamar yadda aka faɗa. Baba ya miƙe a hankali.

"Dajin da ba a kashe naman cikinsa, ba a taɓa itacensa. A wurinmu akwai irinsa, kurmi ɗaya bayan dutse, kowa ya san na su wane ne. Nan kuwa duk dajin nasu ne. To, ina mutanen nan suke samo magani?"

Ado ya dube ni, na dube shi. Dajin da muka kawo shi ya gani don ya yarda da likita, shi ne ya zama sabuwar hujjarsa. Ado ya yi ƙoƙarin cewa ba iskoki ba ne, doka ce kawai, amma kunya ta hana shi ƙarasa maganar, sai ya ɓige da cewa, "Haka ne, Baba."

Duk da haka, tun da an yi gaisuwa, Baba ya yarda a shiga. Muka bi wata 'yar hanya mai hawa. Lokacin sanyi ya gabato, ganyaye sun rine, wasu ja wur, wasu ruwan ɗorawa, ga kogin can ƙasa yana walƙiya tsakanin duwatsu. Ado ya koma aikin da ya saba, ya miƙa hannu yana nuni, sai ya tuna wanda yake nuna wa ba ya gani, ya mai da hannun aljihu. Ya ce wa Baba ganyen duk ja ne. Baba ya tambaya ko gobara aka yi. Aka ce a'a. Ya tambaya ko fari aka yi. Aka ce ruwa ma ya yi yawa bana. Ya tsinci ganye ɗaya a ƙasa, ya murtsuke, ya sansana, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya shafa jikin bishiyoyi da dama, bai san ko ɗaya ba. Ni ma da ya tambaye ni sunayensu da Hausa ban san su ba.

Muka zauna a wani fili don ya huta. Ado ya zuba masa abinci, shi kuwa ya koma bayan wani dutse da nasa kwanon. Baba bai kai loma baki ba ya ɗaga hannu.

"Ku yi shiru. Akwai nama kusa."

Sai ga su sun fito daga cikin itatuwa. Ado ya rarrafo ya durƙusa kusa da shi, yana raɗa cewa ga barewa, ga barewa.

"Barewa a kan dutse, cikin duhuwa? Takun nan ya fi na barewa nauyi. Yaya ƙahonta?"

"Ƙahon yana da rassa, Baba, kamar bishiya. Reshe a kan reshe."

"Malam, kai ka yi karatu. Yaya ƙahonta?"

Ni wadda nake kallo ba ta da ƙaho ko kaɗan, haka kuma na faɗa. Ban lura cewa su biyu ne ba, Ado yana kallon namijin da ke tsaye daga dama, ni ina kallon macen da ta matso kusa.

"Ɗaya ya ce bishiya a kanta, ɗaya ya ce kanta a aske. Launinta fa?"

Ado ya ce ja-ja ce, na ce toka-toka. Ya tambayi girmanta, Ado ya ce kamar maraƙi, na ce kamar babbar akuya. Ya ce ko mazo ne, akwai zane a jikinta? Babu. Ko gwanki ne? Ado ya ce wataƙila. Ko kanki? Ado ya ce shi ma wataƙila. Ana cikin haka macen, wadda da alama ta saba da mutane suna jefa mata burodi, ta tako har kusa da tabarmar, ta hura hanci a kan kwanon shinkafa. Baba ya ji numfashinta a bayan hannunsa. Ya ƙame, leɓɓansa suna motsi da addu'a, domin a saninsa naman dajin da ya zo wa maharbi da kansa ba nama ba ne. Ya buɗe idanunsa iya buɗewa, ya kai fuskarsa gaba, bai ga komai ba sai wata inuwa. Sandarsa ta zame ta bugi dutse, dabbobin suka ɗaga fararen wutsiyoyi suka ruga.

Ya laluba ya ɗauki sandarsa. Sannan ya juyo gare mu.

"Tun ina saurayi nake bin nama. Yau nama ya zo ya shaƙi hannuna, ina zaune tsakanin masu ido biyu, an rasa wanda zai gaya mini mene ne. Ku tashi mu tafi."

A hanyar komowa, Ado ya tabbata ya ɓata komai, har ya ɓace hanya a bakin gada, wurin da ya bi sau ba adadi. Da muka hau bene, Sauda ta buɗe ƙofa tana duban fuskokinmu. Baba ya yi tuntuɓe da akwatinsa, ya tsaya.

"Ke Sauda, ɗauke wannan daga hanya, mai da shi ɗaki. Ki gaya wa mai wuƙar nan ya yi aikinsa. Ban ce yana da magani ba. Amma mijinki da malaminsa ba za su riƙa gani a madadina ba."

An yi aikin a ranar da aka sa. Idon dama ya buɗe, na hagu bai buɗe ba, aka ba shi tabarau mai kaurin gaske. Dusar ƙanƙara ta hana fita, sai da sanyi ya wuce Ado ya sake kai shi, ni ma na bi su. Baba ya sake gai da jami'in, wanda ya gane shi. Muka ga dabbobin, garke guda, manya da ƙanana. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce bai san su ba, ba barewa ba ne, ba mazo ba ne. Amma babu ko ɗaya mai ƙaho a cikinsu. Ya juya ya dubi Ado da idonsa ɗaya, ya ce, "Bishiya a ka, ko?" Ado ya zagaya dajin har la'asar yana neman mai rassan, bai samu ba, ya fara shakkar abin da ya gani da idonsa. Sai bayan shekaru na karanta cewa mazan suna zubar da ƙahonsu duk ƙarshen sanyi, wani ya sake tsirowa. Lokacin Baba ya riga ya koma Ningi, ya yi sauran rayuwarsa yana gani, ya rasu yana ba da labarin surukinsa mutumin kirki mai ƙarin gishiri.

Ado ya ci gaba da sana'arsa har ƙarshen shekarun 1970, lokacin da motar ta gaji, ya koma tuƙin tasi. A yau yana zaune a Flatbush a gidan 'yarsa Rabi, ya daina tuƙi, Sauda ta rasu, kuma babu wanda ya gaji sana'ar a cikin 'ya'yansa.