Sunansa Ilyasu

Da safen nan labarin ya same ni a Konni, ina shan shayi. Ƙanena ya kira ya ce, "Yaya, Malam Ilyasu na Dogarawa ya rasu." Na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da shan shayina, don ban san wani Ilyasu ba.

Sai da ya sake kira ya ce, "Baba Gardi fa nika hwaɗa maka."

Har yanzu ban yi kuka ba. Kofin ma yana nan inda na ajiye shi.

Duk direban da ya taɓa bin layin ɗaukar siminti a Malbaza ya san tsohon da ke tsaron filin da muke ajiye motoci. Ina yaron mota na fara saninsa, har na zama direba. Shi ya ara mini bargo farkon zuwana. In hurarsa ta zo daga gida, ludayi biyu yake sawa a ciki, ɗaya nawa.

Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma babu sunan da ake kiran ma'aikaci da shi wanda bai san asalinsa ba. Ya ce lebura daga bakin Turawan Najeriya ya tsallako mana iyaka. Aparanti kuma na Faransa ne, mai koyon aiki ke nan. Ga-ruwa, kiran da mai tallan ruwa yake yi ne ya manne masa. Ɗan cirani, wanda ya tafi ya cinye rani a wani gari don hatsin gida ya kai damina.

Ran da wani direba ya ce mini karen mota a gaban mutane, na koma gefe ina huci. Tsohon ya zauna kusa da ni ya ce, "Don kana gudu bayanta kana tsaronta sunka ce haka. Sunan aiki na, ɗana. Mi as sunan da anka raɗa maka?"

Na ce Sani. Daga ranar bai taɓa kirana da wani abu ba. Haka yake yi wa kowa, masu dako, masu shara, sai ya tambayi sunan yanka, kuma ba ya mantawa.

Mu kuwa Baba Gardi muke ce masa. Shi da kansa ya gaya mana gardi daga Faransanci ne, can Najeriya mai gadi suke cewa. Muka yi dariya, muka ci gaba da kiransa haka.

Ranar Talatar da ta wuce na yi lodi zan fita. Ya ɗaga mini igiyar ƙofa, ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Sani, kai ko ka san sunana?"

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Direban da ke bayana yana ta danna oda, na ce, "Baba Gardi mana! Sai na dawo." Na ja mota.

Ya tambayi sunana tun ina ba kowa ba, ni ban taɓa tambayar nasa ba. Kunya nake ji, kuma babu wanda zan bai wa haƙuri.

Allah ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka ba iyalinsa dangana. Ku da kuka karanta, don Allah ku sa shi a addu'a, kuma ku ambaci sunansa.

Sunansa Ilyasu.