Azzalumar Kifin Baba Iortyer

Baba Iortyer ɗan ƙabilar Tibi ne daga wajen Obi. Ya yi shekara talatin yana gyaran agogo a kasuwar Lafia, ido ɗaya a rufe, ɗaya a cikin ɗan madubi. Da wayar salula ta shigo, kowa ya koma duba lokaci a aljihunsa, sai ya naɗe kayan aikinsa ya dawo gida Akurba, bai ko yi tsaki ba. Ni Rabi'a, katanga ɗaya ta raba mu, kuma sanyin mutumin nan ya daɗe yana tafasa min zuciya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. To Baba zai dafa, sannan ya zauna jiran romon ya huce.

Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. A shekarar 2004 babban ɗansa ya kawo masa akwatin gilashi daga Legas da kifaye shida, wai su diskos, masu faɗi kamar faifai, ja da shuɗi. Kifin da ba a ci! Amma su ake daka wa zuciyar shanu, su ake ɗumama wa ruwa. In an ɗauke wuta, tsohon nan ya jona famfon iskarsu da batirin mota, shi kuwa ya zauna yana gumi. Na yi masa dariya har na gaji. Daga baya na tsinci kaina kullum da la'asar a kan bencinsa ina kallonsu.

Cikin damina ɗaya daga cikinsu, wata ja mai ƙiba, ta tayar da fitina. Akwai 'yar tukunyar ƙasa da Baba ya kifa a cikin ruwan. Sai ta mallake gefen nan ita da wani namiji, duk wanda ya matso ta kai masa cizo. Wadda ta fi shan wuya ita ce 'yar ƙaramar cikinsu. Ta yi baƙi, ta maƙale a kusurwa, ta daina ci, bayanta duk a yage. Ni na raɗa wa jar nan suna Azzaluma.

"Baba, ka fitar da ita mana! Sai ta kashe 'yar mutane?"

"Abeg, Maman Huseina, ki bar shi," in ji shi. "Kifi ba ya faɗa banza. Bari mu duba tukuna."

Ya riƙa zuba abinci wuri biyu don ƙaramar ta samu. Ya sa dutse ya yi mata maɓoya. Duk a hankali, kamar mai ɗaura allurar agogo. Ni kuwa ina ganin kifin nan tana ramewa, raina yana ƙuna. Na tsani in ga babba yana cin zalin ƙarami ana cewa a bari tukuna.

Ana haka wansa ya rasu a ƙauye. Ya ba ni makulli ya ce kwana huɗu zai yi. "Abinci kawai, safe da yamma. Kar ki taɓa komai."

Rana ta biyu na shiga, a kan idona Azzaluma ta bi ƙaramar nan har maɓoyarta ta cije ta. Ban tsaya tunani ba. Na ɗebo ruwa a randa na cika bokiti, na sa rariya na kwaso Azzaluma na jefa ciki. Na ce zauna nan ki koyi hankali, gobe na mayar da ke. Har da rufe bokitin da faifai, na tafi gida ina jin na yi aikin Allah.

Da safe na tarar da ita a kwance a gefe ɗaya, ta sandare. Ruwan randa ya yi mata sanyi, ga shi ba iska. Ƙaramar da nake wa faɗa kuwa tana can jikin tukunya ita da sauran, suna ta tsattsagar wani abu, namijin shi kaɗai ya kasa korarsu.

Baba ya dawo da doya biyu a hannu, tsarabata. Na faɗa masa tun daga bakin ƙofa, da faɗa ma na faɗa, don kar ya riga ni. Ya naɗe hannun riga, ya juyo tukunyar a hankali. A bayanta akwai 'yan ɗigo-ɗigo farare, ba su fi goma ba.

"Ƙwai ne," ya ce. "Da can ya fi ɗari. Jan nan yana gadi ne."

"Ka sani?"

"Tun ran Lahadi na gani."

Wallahi sai na ji kaina ya yi zafi. "Ka sani ka yi shiru? Ka bar ni ina ta zagin uwa a kan 'ya'yanta? Bakinka ciwo yake yi, Baba? Kalma ɗaya fa!"

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

"Yaran, in sun fito, suna bin jikin mama suna ci, kamar nono," ya ce. "Ban taɓa gani ba. Ke ne kullum kina zama da ni a nan. Na ce bari in yi shiru, ranar in kira ki, mu gani tare."

Ya turo min doyar da ƙafa, ya ja benci ya zauna, ya bar min gefena kamar kullum. Ban iya zama ba.